Iskar Asibiti da Goyon da ke Bayanki

 

Cikin sharhin da kuka ajiye a ƙarƙashin rubutun makon jiya, wata 'yar'uwa daga Mabera ta yi tambayar da na san tana cin zuciyar mata da yawa. Ta ce surukarta na kwance a asibiti, tari ya sa ta gaba, ba a ma gama gano irinsa ba. Duk dangi sun je dubiya saura ita, ga shi tana da goyon wata huɗu. In ta ƙi zuwa a ce ba ta ɗauki uwar miji uwa ba, in ta je kuma hankalinta bai kwanta ba.

Amsata a taƙaice ita ce: ki je, amma ki bar jaririn a gida. Sauran rubutun yau bayanin dalili ne. In kin san dalili, za ki iya fahimtar da maigida da dangi ba tare da rigima ba, kuma za ki san abin yi ranar da ke ce kika kai naki yaron ganin likita.

Iska ma sha ake yi

Mu mata mun ƙware wajen kula da abin da ke shiga bakin yara. Ba ki yarda ɗanki ya sha ruwa da kofin da baƙo mai tari ya sha da shi. Kina wanke cokali, kina tafasa ruwa, kina rufe abinci saboda ƙuda. Amma akwai abin da yaro ke sha dare da rana, jariri sabon haihuwa ma sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya, kuma ba shi da ikon zaɓen wanda zai sha tare da shi. Iska ke nan.

Duk lokacin da mutum ya yi tari, ko atishawa, ko magana, kai ko numfashi kawai, yana fitar da ɗigo-ɗigon ruwa daga ƙirjinsa da maƙogwaronsa. Manyan cikinsu suna da nauyi, sukan faɗi ƙasa ko kan kaya a kusa da shi, taku ɗaya zuwa biyu. Ƙananan kuwa ba su faɗuwa da wuri, rataye suke zama a cikin iska. Kin san yadda turaren wuta yake: in kin sa shi a ɗaki kin rufe ƙofa, ko an fitar da kaskon, wanda ya shigo bayan awa guda sai ya ji ƙamshi. Haka waɗannan ƙananan ɗigo suke, sai dai su ba ƙamshi, ba launi. Idan mai numfashin na ɗauke da cuta, ƙwayar cutar na cikinsu.

Wannan ba zato ba ne, an gwada an gani. A shekarun 1950, a wani asibiti da ke birnin Baltimore na Amurka, wani likita mai suna Richard Riley da abokan aikinsa suka ja iskar ɗakin masu tarin fuka ta cikin bututu zuwa saman bene, inda suka ajiye ɓerayen Masar a keji. Dabbobin ba su taɓa majinyatan ba, ba su ci abincinsu ba, ko ganinsu ba su yi ba. Iska kaɗai ta haɗa su, amma suka riƙa kamuwa da tarin fuka. Da aka sake gwajin, aka bi da wani sashe na iskar ta ƙarƙashin hasken da ke kashe ƙwayoyin cuta, sai dabbobin da suka shaƙi wannan iskar suka tsira.

Su wa ke tafiya a iska?

Uku ne manyansu da muke fama da su a nan.

Ta farko ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro. Cikin cututtukan da muka sani, da wuya a samu wadda ta fi ta saurin yaɗuwa. Ƙwayarta na iya zama a iskar ɗaki har awa biyu bayan mai ita ya fita. In mutum goma da ba su da rigakafi suka zauna da mai ƙyanda, kusan tara za su kamu. Abin da ya fi ruɗa iyaye shi ne yaro yana fara yaɗa ta kwana huɗu kafin ƙuraje su fito, lokacin da kowa ke cewa mura ce da zazzaɓi da jan ido, kuma yana ci gaba da yaɗawa har kwana huɗu bayan sun fito. Wanda ya shaƙa kuwa ba zai nuna alama ba sai bayan kwana 10 zuwa 14. Kafin nan uwa ta manta da zaman da ta yi a benci tana jiran kati, sai a ɗora laifin kan iska ko sanyi ko maƙwabta. Daga hunturu zuwa zafin bazara ne ta fi yawa a ƙasarmu.

Na biyu tarin fuka, wanda muke kira tibi a asibiti. Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan ne ke kamuwa a ƙasar nan duk shekara. Shi ba ya saurin kamu kamar ƙyanda, ya fi son doguwar zama tare a ɗaki rufe. Amma ga ƙananan yara yana da muni, domin yana iya wuce huhu ya taɓa ƙwaƙwalwa.

Na uku ƙarambau. Ga yawancin yara yakan zo da sauƙi, amma yana da haɗari ga jariri sabon haihuwa da mai ciki da ba ta taɓa yi ba.

Sanƙarau da mashaƙo su sun fi bin manyan ɗigon nan masu nauyi, wato sai an kusanci juna sosai. Amma cunkoso da ɗaki rufe suna taimaka musu su ma. Mu a nan ba mu manta da sanƙarau na 2017 ba, wanda ya fi tsanani a Zamfara, Sakkwato, Katsina, Kebbi da Neja, inda aka lissafa mutum sama da 14,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 1,100 suka rasu. Mashaƙo kuma ya ɗauki yara da yawa a Kano da kewaye a 2023. Allah Ya jiƙansu.

Me ya sa sai asibiti?

Saboda nan ne kaɗai wurin da masu ɗauke da cuta da masu raunin jiki ke taruwa a ɗaki ɗaya, kullum. Ki tuna ɗakin jiran sashen yara da safiyar Litinin, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, ko Asibitin Ƙwararru, ko Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, ko ƙaramin asibitin unguwarku. A benci ɗaya za ki ga mai jego da jaririn sati biyu, ga yaro mai sikila, ga wanda tamowa ta kama, ga mai ciki ta rako ɗanta, ga kuma yaro mai zazzaɓi da jan ido da har yanzu ba wanda ya san ƙyanda ce. Ba laifin kowa ba ne, haka asibiti yake a ko'ina a duniya. Shi ya sa aka tsara hanyoyin kariya.

Inda aka yi sakaci, abin yakan yi muni. A 2006 aka ba da rahoton wani asibitin karkara a garin Tugela Ferry na Afirka ta Kudu, inda aka gano mutum 53 da irin tarin fukan da ya fi ƙarfin kusan duk magunguna. Mutum 52 daga cikinsu suka rasu. Fiye da rabinsu ba su taɓa shan maganin tarin fuka ba kafin nan, kuma mafi yawansu sun taɓa kwanciya a asibiti, abin da ya nuna cewa da yawa a ɗakin jinya suka shaƙo shi. Wannan lamari ya sa duniya ta sake duba iskar da majinyata ke shaƙa.

Abin da ake koya mana mu ma'aikata

Matakan hawa uku ne, kuma jerinsu yana da muhimmanci.

Na farko shi ne a gano mai tari ko mai ƙuraje tun daga ƙofa, a ware shi gefe, a duba shi da wuri, a fara masa magani. Wannan ya fi komai tasiri kuma ba ya cin kuɗi. Mai tarin fukan da ba a gano ba, wanda ke zaune cikin jama'a awa uku yana jiran layi, ya fi wanda ke kwance a ɗakin masu tarin fuka yana shan magani haɗari nesa ba kusa ba.

Na biyu shi ne iskar ɗaki ta riƙa sauyawa, tsohuwa ta fita sabuwa ta shigo. A ƙasashe masu hali akwai ɗakuna na musamman da inji ke zuƙe iskarsu ya fitar waje, ba ta komawa baranda. Ana so irin wannan ɗaki ya sauya iskarsa sau 12 a awa ɗaya. Sai dai yana buƙatar wutar da ba ta ɗaukewa da gyara a kai a kai.

Na uku shi ne takunkumin fuska. Na takarda mai launin shuɗi da kika sani, babban aikinsa tare abin da ke fita daga bakin mai shi, don haka mai tari ne ya fi cancanta ya sa. Akwai kuma mai kauri da ake kira N95, wanda ke manne wa fuska yana tace iskar da ke shiga. Shi ma'aikaci ke sawa idan zai shiga wurin mai tarin fuka ko ƙyanda. Takunkumi ne mataki na ƙarshe, domin in an bar mai tari cikin cunkoso a ɗaki rufe, takunkumi kaɗai ba zai wadatar ba.

Darajar taga

Ga albishir gare mu masu fama da ɗauke wuta. A 2007 wasu masu bincike ƙarƙashin Dakta Rod Escombe suka auna iskar ɗakuna a asibitoci takwas na birnin Lima, ƙasar Peru. Suka gano cewa buɗe tagogi da ƙofofi kawai yana sauya iskar ɗaki kimanin sau 28 a awa, wato fiye da ninki biyu na abin da ake nema daga ɗakin inji mai tsada. Tsofaffin gine-gine da aka yi kafin 1950, masu dogon rufi da manyan tagogi, sun kai sau 40, sababbi kuwa sau 17.

Ki duba sababbin gine-ginen da ke tasowa a nan wajenmu Sama Road da kewaye, gidaje ne ko shaguna ko wuraren ganin likita. Yawanci gilashi ne mai zamewa, wanda ko an buɗe shi duka rabin tagar ne ya buɗu, ga labule mai nauyi, ga na'urar sanyaya ɗaki. Wuri ya yi kyau, ya yi sanyi, ba ƙura. Da yawanmu mun fi sakin jiki a irin wannan ɗakin jira fiye da rumfar kwano mai benci. Amma na'urar sanyaya ɗaki irin ta bango ba ta kawo iska daga waje, wadda ke ciki take sanyayawa ta maido miki. Fanka ma in tagogi na rufe, juya iskar kawai take yi. Ta fuskar ƙyanda da tarin fuka, rumfar da iska ke ratsawa ta ko'ina ta fi aminci.

Na san uzurinmu. Da hunturu muna rufe taga saboda sanyi da ƙura, da bazara kuma, lokacin da zafin Sakkwato ke haura maki 40, muna rufewa don sanyin na'ura ya zauna. A ɗakin kwanciya na asibiti sau da yawa masu jinya ne da kansu ke tashi cikin dare su rufe tagogin da muka buɗe, don tausayin majinyacinsu. Niyyar mai kyau ce. Amma sanyi ana maganinsa da bargo da hula da safa, ita kuwa iskar da mutum ashirin suka kwana suna shaƙa suna fitarwa ba ta da magani sai a ba ta hanya. In nas ta buɗe taga, don Allah ki bar ta. In akwai tagogi biyu masu fuskantar juna, su ne suka fi aiki, domin iska na shiga ta ɗaya ta fita ta ɗaya.

Ranar da kika kai yaro asibiti

Idan ɗanki na zazzaɓi da ƙuraje, ko zazzaɓi da tari da jan ido, kada ki shiga layi ki yi shiru. Ki faɗa wa ma'aikacin farko da kika gani, ko mai ba da kati ne: "Yarona na da zazzaɓi da ƙuraje." Haka in ke ko wani babba na tari fiye da sati biyu, musamman in akwai rama, zufan dare ko jini a kaki. Faɗin yana sa a gan ki da wuri, kuma yana kare jaririn matar da ke gefenki. In an ce ki koma baranda ko wani ɗaki daban, ba wulaƙanci ba ne, ba kuma ƙyama ba ce. Aikin ke nan.

Kada tsoron yaɗawa ya sa ki riƙe mai ƙyanda a gida. Har yanzu akwai masu cewa ba a kai ta asibiti, a kulle yaro a ɗaki har ta gama fitowa. Ƙyanda na iya jawo ciwon huhu, gudawa mai tsanani, har da makanta. A asibiti ana ba yaro sinadarin bitamin A da ke kare ido da rage haɗari, ana kuma maganin abin da ya biyo baya. Ki kai shi, ki dai yi magana tun daga ƙofa.

Idan kuma lafiyayyen jariri kika kai awo ko rigakafi, ki nemi wurin zama kusa da taga ko ƙofa. In ɗakin ya cika ya yi zafi, ki ajiye katinki a layi, ki gaya wa ta kusa da ke, ki koma inuwa a waje har a kira ki. Ki yi sammako kafin jama'a su taru. Kada ki kwaso sauran yara su raka ki in akwai mai kula da su a gida. Kuma kada a sa wa yaron da bai kai shekara biyu ba takunkumi, yana iya toshe masa numfashi. Yafa mayafi a kan fuskar goyo yana tare ƙura, amma ba ya tace ƙwayar cuta, don haka kada ki dogara da shi.

Ko a hanya ma, in mai tari za a kai asibiti, keke napep da iska ke ratsawa ya fi mota rufe mai sanyi. In mota ce, a sauke gilasai.

Mu koma kan dubiya

Dubiya haƙƙi ce, addini ya kwaɗaitar da ita, zumunci ma ya gada. Ba wanda ya ce a daina. Amma jaririn da bai kai wata tara ba ba a yi masa allurar ƙyanda ba tukuna, kuma kariyar da ya samu daga jikinki tana raguwa cikin watannin farko. Shi ba a wajabta masa dubiya ba, ba zai ma san ya je ba. Abin da zai iya kwasowa ne kawai zai sani.

Don haka 'yar'uwata ta Mabera, ki shayar da shi ya ƙoshi, ki bar shi wurin wadda kika amince da ita, ki je ki gaishe da Hajiya. Ki sa takunkumi, ki zauna ɓangaren taga, ki yi mata addu'a, ki ajiye abin da kika kawo, minti goma zuwa sha biyar ya isa. In kin dawo ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauki yaro. In babu wanda za ki bar wa, ku tafi da maigida, ya tsaya da jaririn a waje can inda iska ke kaɗawa, ki shiga ki fito.

In ta tambaya ina jikanta, kada ki ce "ina tsoron ya kamu da ciwonki", wannan zai sosa mata rai. Ki ce, "Hajiya, malaman asibiti sun hana shigo da jarirai, yana nan yana jiran ki dawo gida." Ba ƙarya kika yi ba, domin kowace nas za ta gaya miki haka. Ki nuna mata hotonsa a waya. Kuma ya fi kyau maganar ta fara fitowa daga bakin ɗanta, don haka ki fahimtar da shi tun a gida.

Mai ciki ma ta yi hattara. In majinyacin ƙarambau ne ko ƙyanda ko tarin da ba a gano ba, ta gaishe shi ta waya har ya samu sauƙi. Haka mai ciwon suga da bai daidaita ba, da tsofaffi masu rauni.

Sai kuma yawanmu. Mutum goma sha biyar a kan gado ɗaya, da kuloli da tabarmi, kowa na magana, ga gadaje ashirin a ɗakin. In mai gadi ko nas ta ce a shiga biyu-biyu, kada a ɗauka tsaurin kai ne. Yawan mutane na ƙara nauyin iskar ɗakin, kuma wani cikin masu dubiyar ma yana iya shigo wa majinyata da tasa murar.

Idan ke ce mai jinya

Galibi mace ce ke kwana da majinyaci, kuma ita ce ta fi kowa daɗewa cikin iskarsa. Ki tambayi likita kai tsaye: "Wannan ciwon ana ɗauka ta iska?" Haƙƙinki ne ki sani. In an ce eh, majinyacin ya riƙa sa takunkumi idan yana iyawa, ya rufe baki da hanci da hankici ko takarda in zai yi tari. Kakinsa a robar da ke da murfi, ba a ƙasa ko ta taga ba. Ke kuma ki nemi N95 in da hali, ki tabbatar ya manne a kan karan hanci da haɓa, ba ya rataye a wuya ba. Ki riƙa fita shan iska. In kina da goyo, a nemi wata cikin dangi ta karɓi jinyar.

Bayan an sallamo mai tarin fuka, ga kuskuren da ake yawan yi a gidaje: a ware masa kwano da kofi da cokali, a daina cin abinci da shi, amma a bar shi yana kwana ɗaki ɗaya da yara, ƙofa da taga a rufe. An tsare inda babu haɗari, an bar inda yake. Tarin fuka ba ya bin kwano ko gaisawa da hannu. A makonnin farko a ba shi ɗakinsa mai taga in da hali, ya riƙa zama a tsakar gida da rana, a ci abinci tare da shi a sarari. Galibi bayan kamar sati biyu yana shan magani daidai, haɗarin yaɗawa yana raguwa ƙwarai, sai dai likita ne zai tabbatar. Maganin wata shida ne, ba a yankewa don an ji sauƙi, domin yankewar ce ke haifar da irin mai taurin kan nan. Gwajin kaki da maganin duk kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na gwamnati.

A kai duk mutanen gidan a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Akwai maganin kariya da ake ba su ko ba su nuna alama ba. Uwa mai tarin fuka kuma ba ta daina shayarwa, ta sa takunkumi lokacin ba da nono, a kuma duba jaririn.

Katin rigakafi

Duk dabarun nan rage haɗari suke yi. Abin da ke tsayawa yaro ko kina nan ko ba kya nan shi ne rigakafi. Yau ki ɗauko katin kowane yaro ki duba. Allurar BCG da ake yi a kafaɗa bayan haihuwa tana kare jarirai daga munanan nau'o'in tarin fuka. Allurar da ake yi a sati 6, 10 da 14 tana ɗauke da kariyar mashaƙo da tarin shiƙa. Ta ƙyanda sau biyu ce, a wata 9 da kuma wata 15. Ta biyun nan ce aka fi mantawa, domin yaro ya fara tafiya, uwa na ganin an gama. In lokaci ya wuce, ba a makara ba, ki kai shi a cike gurbin.

Wani abu kuma da iyaye da yawa ba su sani ba: in kin gano cewa ɗanki da ba a yi wa allura ba ya zauna da mai ƙyanda, kada ki jira alama. Allurar da aka yi cikin kwana uku da haɗuwar tana iya hana cutar ko rage ƙarfinta. Ki je asibiti ranar, ki faɗi abin da ya faru, su za su duba shekarunsa su yanke abin da ya dace.

Rigakafi ya fi magani, kuma a wannan fanni yawancin rigakafin ba ya buƙatar ko kwabo: ki yi magana tun daga ƙofa, ki zauna inda iska ke ratsawa, ki bar taga a buɗe, ki bar goyo a gida, ki cike katin allura.

Ina so in ji daga gare ku a wurin sharhi. A gidajenku yaya ake ɗaukar maganar barin jariri a gida idan za a dubiya? Wadda ta samu dabarar da ta fahimtar da dangi cikin ruwan sanyi, ta taimaka wa 'yan'uwa da ita. Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu duba tarin yara da hunturu, wanda ake lallaɓawa a gida da wanda ba a kwana da shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya raya mana zuri'a. Na bar ku lafiya.